Takardar Jikin Firji

Shafi na 17

Na ga saƙonninku. Masu cewa na yi shiru kwana huɗu, gaskiyarku ce. Wannan shafin na yi ta rubutawa ina gogewa, don shi ne wanda ban fito da kyau a cikinsa ba. Ga shi nan. Mai zagi ya yi a hankali, a gajiye nake.

*

Ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintoci Babbar Sista ta leƙo ɗakin allura ta ce in zo. Ba ta ce min "ƙanwata" yadda ta saba ba, kuma ba ta tsaya ta ga ko na taso ba.

Na ajiye audugar da ke hannuna, na ce wa matar da ke kan benci ta jira ni.

A ofis na tarar da jami'in hukumar lafiya, wanda ke zagayo mana sau ɗaya a wata. A bayan idonsa muna kiransa Mai Laya, saboda katin aikin da ke rataye a wuyansa, wanda na tabbata ko wanka da shi yake shiga. Yau bai yi mana wasan da ya saba ba. Kwamfutarsa a buɗe, takunkuminsa ya zamo ƙasan hanci bai ma kula ba.

Babbar Sista ta ce in rufe ƙofa.

Wata goma sha ɗaya ke nan da shigowar annobar nan, kuma a ɗan asibitinmu na unguwa ban taɓa ganin an rufe ƙofar ofis don alheri ba. Na rufe, na tsaya a jikinta.

Mai Laya ya turo min wata takarda a kan tebur.

"Sista, rubutun wa ne wannan?"

Tun kafin in sunkuya na gane ta. Takardar da muke mannawa a jikin firjin allurar rigakafi ce. Dokar aikin ita ce, safe da yamma wani ya duba ma'aunin sanyi ya rubuta abin da ya gani. Daga biyu zuwa takwas lafiya lau, in ya wuce haka allura ta shiga haɗari. Asabar da Lahadi ba ma buɗewa, to da yake gidanmu ya fi na kowa kusa, ni aka ɗora wa leƙowa.

"Nawa ne, yallaɓai."

"Asabar shida ga wata. Safe kin rubuta huɗu, yamma huɗu. Lahadi huɗu, sannan biyar. Kin zo a kwanakin nan?"



Ku bari in faɗa muku da bakina tun kafin ku tambaya. Ban zo ba. Ranar Juma'a da za mu tashi na cike layin Asabar da na Lahadi gaba ɗaya, na sa hannu, na tafi gida. Ba ranar na fara ba, kuma ba ni na ƙirƙiro ba. Sistar da na gada ce ta koya min tun satina na farko. Ta ce firjin nan shekara bakwai bai taɓa motsawa daga huɗu ba, in rubuta in huta, sai dai lokaci-lokaci in jefa biyar don kada abin ya yi kama da wasan yara. Kowa a asibitin ya sani, kowa ya kau da kai.

Waccan Juma'ar tun ƙarfe bakwai nake tsaye. Masu tari, masu zazzaɓi, masu zuwa su zage mu su tafi. Ƙafata ta kumbura har takalmi ya ƙi fita. Asabar ɗin barci na yi har rana ta take, kuma wallahi ko sau ɗaya firji bai faɗo min a rai ba.

Mai Laya ya juyo min da kwamfutar.

Ashe 'yar na'urar nan mai kama da akwatin ashana, wadda suka kawo wata biyu da suka wuce suka jefa cikin firji, ita ma rubutu take yi. Mu mun ɗauka wani kayan ado ne na hukuma, har Babbar Sista ta taɓa tura ta bayan kwalaye don tana tare mata hanya. Ita ba ta barci, ba ta gajiya, ƙafarta ba ta kumbura.

A fuskar kwamfutar layin ma'aunin sanyin a miƙe yake, sai daga yammacin Juma'a ya fara hawa. Ya hau, ya hau, ya je ya zauna a kan ashirin da tara. Bai sauko ba sai Lahadi da la'asar.



An kira Maigadi. Tsohon ya shigo yana gyara hula, ya yi bayani cikin natsuwa, har da ɗan alfahari. Ya ce ranar Lahadi ne ya lura firjin ba ya gurnaninsa, ya duba ya ga soket ɗin bango ya ƙone ya yi baƙi. Sai ya jawo wayar fanka ya jona shi a ɗaya bangon, ya tsaya har ya ji ya kama. Da aka tambaye shi me ya sa bai faɗa wa kowa ba, sai ya ce ai ya gyara, me zai ɗaga wa mutane hankali a kai. Ya fita yana waiwaye, ina jin godiya yake jira.

Da ƙofa ta sake rufuwa Babbar Sista ta dafe goshi.

"Litinin takwas ga wata," in ji ta, ba ta kalle ni ba. "Kin tuna ranar."

Na tuna. Ko zan manta duk ranakun aikina ba zan manta wannan ba.

Watanni muka yi muna zaune da allura babu mai zuwa. An liƙa takardu a bango, mota mai lasifika ta yi ta zagaya unguwa har muryar mai shelar ta dushe. Mutane suka ce tana hana haihuwa, wasu suka ce duk wanda aka yi wa ba zai shekara biyu ba, wasu suka ce hukumar da ba ta taɓa kawo mana ko maganin ciwon kai kyauta ba, yau me ya sa take binmu gida-gida da kyauta. Wannan ta ƙarshen ni kaina ban taɓa samun amsar da zan ba su ba.

Sai Inna, mahaifiyata, ta shiga maganar.

Inna ce mai injin niƙa a layinmu, babu gidan da ba a aiko mata da roba. Shekara sittin da uku, ga asma ga hawan jini. Sati shida ina roƙonta tana ce min ita ba akuya ba ce da za a yi mata allura a layi. Ranar da ta yarda kuwa, ba ta tsaya a kanta ba. Ta rufe injin, ta bi gida-gida. Litinin ɗin nan ta shigo asibiti da mata talatin da ɗaya a bayanta, ta zauna a kujerar farko, ta naɗe hannun riga, ta ce kada kowa ya taɓa ta sai autarta.

Mutum hamsin da takwas na yi wa allura ranar. Duk daga firjin nan. Daga ranar sauran mutane suka koma jiran su ga abin da zai same su, ba wanda ya sake zuwa rigakafin sai yau.

Na jawo kujera na zauna ba tare da an ce in zauna ba.

"Yallaɓai, za ta cutar da su?"

"A'a. Ba za ta yi musu komai ba." Ya cire gilashi ya murza ido. "Matsalar ke nan. Mai yiwuwa ba ta yi musu komai ba. Ba zan iya rantse miki tana aiki ba, ba zan iya rantse miki ta mutu ba."

"To a kira su a sake."

"Za a sake."

Na ɗan ji sanyi. Amma bai gama ba.

Ya ce ya riga ya yi magana da na sama da shi. Sauran kwalaben za a kwashe yau a kawo sababbi. Mutum hamsin da takwas ɗin nan kuma, nan da wata biyu za a aika musu cewa lokacin allurar ƙari ya yi, kamar yadda ake yi wa kowa. Su zo a yi musu mai kyau, su tafi, babu wanda ya ji babu wanda ya gani.

"Wata biyu?" na ce. "Yallaɓai, matan nan sun cire takunkumi. Suna shiga kasuwa, suna zuwa dubiya. Ni na ce musu bayan sati biyu sun samu kariya. Da bakina na faɗa."

"Na sani."

"To a kira su gobe mana."

"A ce musu me?"



Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na samu wanda zan ji haushi. Magana ya yi kamar wanda bai ci abinci ba tun jiya. Ya ce wata goma yana yawo unguwa-unguwa yana roƙon mutane, an watsa masa ruwan wanki, an fasa masa gilashin mota. Sai yanzu da ƙyar layi ya fara tsawo a asibitoci. Ya ce in aka ji cewa an yi wa mutane lalatacciyar allura, kafin rana ta faɗi maganar ta zama an yi musu guba, kafin gobe ta zama mutum goma sun mutu. Ba unguwarmu kaɗai ba, gari gaba ɗaya zai janye hannu.

"Mutum hamsin da takwas kike gani, Sista. Ni dubbai nake gani."

"A cikin hamsin da takwas ɗin akwai uwata."

"Ita ki kawo ta gobe da sassafe, ta ƙofar baya. Ni da kaina zan tsaya a yi mata. Ita kaɗai."

Babbar Sista ta ɗago a karon farko. Idonta ya yi ja, ita ma wata uku ke nan ba ta je ganin jikokinta ba.

"Ƙanwata, ki ji. In maganar nan ta fita, ba sunan hukuma za a kira ba. Takardar nan za a ɗaga, kuma hannunki ne a jiki. Aikinki ne, da takardar shaidarki. Ni ma zan sha tambaya, amma ke za a fara kora."

Ba barazana take min ba. Gaskiya take faɗa min, kuma ta fi barazana ciwo.

Mai Laya ya ninke takardar ya sa a jakarsa. Ya ce in je gida in huta, in yi tunani, gobe ƙarfe bakwai yana nan.

Na fito na wuce ɗakin allura. Matar da na ce ta jira ni tana nan a kan benci, ta riga ta naɗe hannun riga. Na ce mata allura ta ƙare sai gobe. Ta yi tsaki ta ce da ma ta san ba a zuwa wurinmu a dawo da daɗin rai.

*

Daga asibiti zuwa gidanmu tafiyar minti goma ce. Ranar na yi rabin awa.

A bakin layi mai shagon sabulu ta ɗago min hannu, ta ce sannu da aiki Sista, kin ga mun warke, har ciwon hannun ya tafi. Takunkuminta na rataye a ƙusa kusa da ledoji, ya yi ƙura. Gaba kaɗan wata ta tsayar da ni ta ce surukarta ma ta yarda, yaushe za ta kawo ta. Na ce zan faɗa mata. Duk wadda ta yi min murmushi sai in ji kamar ta ɗora min dutse a ka.

Na so a ce wani ya zage ni, ko na samu sauƙi. Babu wanda ya yi.

Na tarar da injin a rufe, abin da ba a saba gani da rana ba. Inna na ɗaki tana ɗaura ɗankwali a gaban madubi, ta sa atamfarta ta fita unguwa. A kan gado ga kular abinci da leda cike da lemo.

"Likita bokan zamani, yau da wuri? Ko an kore ki?"

Wasa take yi. Na ce mata ina za ta.

Ta ce gidan Yaya, babban wanta. Kwana biyar yana fama da zazzaɓi da tari, 'ya'yansa duk sun tsorata sun koma leƙensa ta taga. Ita za ta je ta kwana biyu ta yi jinyarsa, tunda ita dai an yi mata rigakafi, me za ta ji tsoro.

Na tsaya a bakin ƙofa na riƙe labule.

"Inna, kada ki je."

"Saboda me?"

"Ki bari sai an gwada shi."

"Ɗan'uwana yana kwance ba mai miƙa masa ruwa, ki ce in jira gwaji? To amfanin allurar me?"

"Ki dai bari."

Ta juyo daga madubin. Inna ba ta yi boko ba, amma fuskata ta fi allo sauƙin karantawa a wurinta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta zauna a bakin gado ta ture kular gefe.

"Zo nan, Auta."

Na zo na durƙusa.

Na yi niyyar bin shawarar Mai Laya. Wallahi na yi. Tun a hanya na shirya abin da zan ce, cewa an kawo wata sabuwa mai ƙarfi don masu asma, gobe da sassafe zan kai ta. Har na buɗe baki da ita. Sai na ga tabon allurar a dantsenta, ɗan baƙin ɗigo, inda hannuna ya taɓa.

Na faɗa mata komai. Soket, Maigadi, na'urar, ashirin da tara. Na bar takardar a ƙarshe don ita ce mai nauyi, amma na faɗa. Na ce ban je ba, Inna, na rubuta na je alhali ina kwance a ɗakin nan ina barci.

Ba ta katse ni ba. Ba ta yi salati ba, ba ta tafa hannu ba. Numfashinta kawai na ji ya fara wannan 'yar ƙarar da yake yi in ranta ya ɓaci, na miƙa hannu zan ɗauko mata abin shaƙarta, ta buge min hannu.

"Ranar Asabar ɗin," ta ce, "ba ni na ce ki kwanta ba? Na ce kin gaji, na ja miki ƙofa."

"Ke ba ki san ina da aiki ba."

"Ban sani ba. Ke kin sani."

Na sunkuyar da kai.

Ta tambayi me manyan suka ce. Na faɗa mata zancen wata biyu, da zancen ƙofar baya, da cewa ita kaɗai za a yi wa gobe. Na faɗa mata dalilinsa ma, don ban so in zalunce shi. Na ce yana tsoron kada gari ya janye hannu, kuma tsoronsa ba na banza ba ne.

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ni kaɗai. Ta ƙofar baya, kamar mai sayen kayan sata."

"Inna, in maganar ta fita za a kore ni."

"Na ji."

"Kuma za a ce guba muka yi wa mutane. Ba wanda zai sake zuwa."

"Shi ma na ji."

Ta kwance ɗankwalin ta ajiye a cinya tana lallashinsa da tafin hannu. Sannan ta yi magana a hankali, ba faɗa a ciki, ni kuwa da faɗan ta yi.

"Ke kina tsammanin matan nan hukuma suka yarda da ita? Wace hukuma suka sani? Mai lasifika ya shekara yana ihu, ko kare bai bi shi ba. Ni suka bi. Ni kuma ban san me ke cikin kwalbar nan ba har gobe. Na ce musu 'yata ba za ta sa min abin banza a jiki ba, shi ke nan abin da na ce. Da shi na fito da mata talatin da ɗaya daga ɗakunansu, wasu ma ba da sanin mazansu ba."

Hawaye ya zubo min. Ta bar ni na yi, ba ta ce in yi shiru ba.

"Yanzu a cikinsu akwai mai ciki wata bakwai. Akwai mai ciwon suga. Akwai wadda jiya ta ce min za ta je ta kwana da 'yarta a asibiti, tunda ta samu kariya. In wani abu ya sami ɗaya a cikin wata biyun nan, ni zan je gaisuwa in zauna a tabarma ina sane?"

"To me zan yi, Inna?"

"Au, ni za ki tambaya? Da za ki rubuta huɗu kin tambaye ni?"

Ta miƙe. Ta mayar da ɗankwalin, ta ɗaura shi tamau. Ta buɗe durowa ta lalubo takunkumin da ta jefa tun satin da ya wuce, ta kaɗe shi, ta sa. Ta kira 'yar Yaya a waya ta ce ba za ta samu zuwa ba, a kai shi gwaji yau ɗin nan, za ta yi bayani daga baya.

Sannan ta ce in wanke fuska in sa rigar aikina.

"Ina za mu?"

"Inda na shiga na fito da su. Da ƙafata na je, da ƙafata zan koma. Amma ba ni zan yi magana ba."

Na ce ta bari in kira Babbar Sista tukuna, ko in jira gobe in sake roƙon Mai Laya. Ta ce in kira duk wanda zan kira a hanya, ita dai ba za ta kwana da wannan abu a ciki ba. Na ce aikina fa. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta juyo.

"Injin nan ya ciyar da ke shekara ashirin kafin ki san hanyar asibiti. Bai mutu ba."

Na sa farar rigar. Ban taɓa jin ta yi min nauyi irin na ranar ba.

*

Rana ta yi sanyi, layi ya cika da masu dawowa daga aiki. Na ɗauka za mu fara da maƙwabciyarmu, mace mai sauƙin kai wadda ko me aka ce mata sai ta ce Allah ya kyauta. Inna ta wuce ƙofarta ko kallo ba ta yi ba.

"Da gidan Tela za mu fara," in ji ta. "In mun wuce nan, sauran ruwa ne."

Na ja na tsaya.

Tela shi ne uban masu ƙin allura a unguwarmu. Shagonsa a ƙofar gidansa yake, yana taka keke yana wa'azi, duk wanda ya kawo ɗinki sai ya tafi da labarin abin da hukuma ke ƙullawa. Ya taɓa tare ni a gaban jama'a ya ce nawa aka biya ni a kan kowane kai. Matarsa ita ce mai cikin wata bakwai, kuma a ɓoye ta bi Inna ranar Litinin ɗin. Da ya gano, kwana uku ana jin faɗansu har bakin titi.

"Inna, mutumin nan zai tara min unguwa."

"Zai tara. Taho."

Keken ɗinkin na ta ƙara muka isa. Mutum huɗu na zaune a bencin shagon, masu jiran kaya da masu zaman hira. Inna ta yi sallama. Ƙarar keken ta tsaya.

Tela ya ɗago, ya kalli Inna, ya kalle ni, ya kalli farar rigata. Na shirya wa zagi. Na ma ƙagu ya fara, don in ya fara zan samu bakin faɗin tawa.

Sai ya miƙe, ya cire tef ɗin awo daga wuyansa, ya gaishe da Inna har da rusunawa.

"Sista, kamar kin san ina nemanki."



Ya yi gyaran murya, ya dubi mutanen benci kamar mai son su zama shaida. Ya ce shi mutum ne da in ya yi kuskure yake faɗa. Sati uku ke nan ya sa wa matarsa ido, yana jiran ta faɗi, ko cikin ya samu matsala. Ga ta nan garau, har ta fi da cin abinci. Ya ce ya yi ta tunani, ya ga cewa yarinyar da aka haifa a gabansu, wadda ta fara yi wa uwarta kafin kowa, ba za ta cuce su ba.

"Na zage ki a gaban mutane, to a gaban mutane zan ba ki haƙuri. Ki yafe min."

Mutanen benci suka yi ta gyaɗa kai. Ɗaya ya ce kai, yau Tela da kansa.

"Gobe zan zo," ya ci gaba, yana naɗe hannun rigarsa yana nuna min dantse, har da dariya. "Ni da waɗannan huɗun, na riga na shawo kansu. Irin wadda kika yi wa maiɗakina nake so, kada a canza min."

Labulen ƙofar gida ya motsa. Matarsa ta fito tana tura ciki, fuskarta ba takunkumi, tana min murmushi.

Na juya na kalli Inna.

Ba ta kalle ni ba. Ta matsa gefe ɗaya, ta bar ni ni kaɗai a gaban shagon.

"Malam Tela, ka sauke hannun rigarka tukuna," ta ce. "Auta ce ke da magana. Ku saurare ta."